Gwiwar Malam da Sabuwar Doyar Beji

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja kwanana har na ga jikokina sun isa aure. Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ta taso wajen binciken auren jikata Safiya, inda wani tsoho na unguwarmu ta Dutsen Kura, wanda ba zan kama sunansa ba don jikokinsa suna gaishe ni, ya ce wa dangin ango, "Gidan mutunci ne, sai dai kakanta ya taɓa yin wani irin ciwo." Aure dai an ɗaura, an ci shinkafa an watse, alhamdu lillahi. Amma na ga yadda babbanku ya sunkuyar da kai da aka maimaita masa maganar, sai na gane ashe ku kanku rabin labarin kuka sani. Kuna ƙanana a lokacin, ni kuma na ɗauka abin da ya wuce ya wuce. To, ku gyara zama. Mahaifinku, Malam Sale kafinta, ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ko yana raye ba zai buɗe baki ya kare kansa ba. Ni ce mai bakin gidan nan tun asali, kun sani.

Sai na fara da Beji, in ba haka ba ba za ku fahimci komai ba. Kakanku ya zo Minna ne da aikin jirgin ƙasa, yana cikin masu gyaran layin dogo. Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi a gefen layi can wajen Beji, wani manomi ya tsince shi, ya saɓa shi a kafaɗa zuwa gidansa, matarsa ta yi ta dama masa kunu har ya miƙe. Mutumin Bagwari ne, ko da yake su Gbagyi suke kiran kansu kuma haka suka fi so a kira su, Kirista ne kuma. Daga nan gidajen biyu suka ƙulla wani abu da ban taɓa ganin irinsa ba. Idan doya ta nuna, ba a kai ko ɗaya kasuwa daga gonar gidan nan sai maigidanmu ya je, an daka sakwara da doyar farko, shi da maigidan can sun ci a kwano ɗaya, sun sha ruwan rijiyar gidan a ƙwarya ɗaya. Kazar miyar ma sai baƙon ya iso ya yanka da hannunsa. Mu kuma ranar layya cinyar rago ta dama tasu ce. Tsofaffin suka rasu, 'ya'yansu suka gaji kwanon: mahaifinku a nan, Danladi a can. Danladi ɗin nan da kuka sani, wanda har gobe yake kirana matarmu.

Shekarar da nake ba ku labari an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina goyon auta, don haka Malam ya tafi Beji shi kaɗai, ya dawo da yamma da doya cike da bayan akori-kura, yana ta yabon hannun Saratu, matar Danladi, har na ce masa in ya ga dama ya koma can da zama. Bai daɗe da dawowa ba cikinsa ya ɓaci. Gudawa ce mai tsanani, har da jini. Na yi ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, aka sayo ƙwayoyi a kemis, cikin 'yan kwanaki ta tsaya, ya koma shagonsa, muka manta da ita. Bayan 'yan makonni sai na lura yana ɗingishi in zai fita. Kun san shi ne ladanin masallacin da ke kallon ƙofar gidanmu, muryar da unguwa ta saba da ita kenan tun kafin a haifi yawancinku. Na tambaye shi, ya ce dundunniya ce kawai, wataƙila ƙusa ya taka. Kafin mako ya zagayo gwiwarsa ta dama ta kumbura ta yi kamar ƙaramin tulu, idon sawu ya bi sahu, idanunsa suka kaɗa suka yi jawur suna ƙaiƙayi. Sai da na tsare shi da tambaya sannan ya gaya mini, yana kallon bango, cewa fitsari ma yana yi masa zafi. Mutumin da yake hawa rufin ɗaki da katako a kafaɗa, ga shi ya kasa durƙusawa ya yi sujada.

Kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, tana ɗakin da yanzu muke ajiye buhunan masara. Ta fito ta dubi gwiwar, ta dubi doyar da ke jingine a kicin, ba ta ko taɓa shi ba.

"An ba shi a doya," ta ce. "Tun yaushe nake cewa a daina cin abincin nan? Ga shi nan."

Ba haka kawai ta faɗa ba. Akwai wata 'yar gona a Beji da aka ara wa gidanmu tun zamanin kakanku, baffanku Garba direba ne yake noma masara a ciki, kuma a wannan shekarar wasu 'yan'uwan Danladi sun ce suna son abarsu, har an yi musayar baƙaƙen maganganu. Sai lissafi ya zo wa Inna daidai: ga rigimar gona, ga cin abinci, ga ƙafa ta kumbura. A wurin mutanenmu kuwa ƙafar da ta kumbura haka kawai ba ta da wani suna sai sammu. Garba, kun san shi, zuciya a kusa. Ya fara tara abokansa na tasha a zaure, ana ƙus-ƙus, na ga sanduna a bayan ƙofa da idona. Malam yana kwance yana ce musu su ji tsoron Allah, amma wa yake jin mara lafiya?

Kawu Isa, ƙanin Inna, shi ya ce kafin a yi aika-aika a je asibiti. Ya daɗe yana ba da magani a ɗakin shan magani na ma'aikatan jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya, saboda haka a danginmu ko ƙaya ce ta soki yaro sai an ji ta bakinsa. Muka tafi mu uku. Likitan matashi ne. Ya matsa gwiwar, ya buɗe idanun, ya yi tambayoyinsa, sannan ya juya ya faɗa wa nas wani suna da Turanci, sunan wani Bature ne da aka laƙaba wa ciwon. Ni ban riƙe shi ba, kuma ko na riƙe ba zan ɓata takardata da shi ba. Amma na ga Kawu ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Uhm." Aka ce mu tsaya a ɗebi jini da fitsari. Kawu ya ce yana da uzuri, ya riga mu komawa gida.

Ko da muka iso, sanduna sun ɓace daga bayan ƙofa. A zaure kowa yana kallon ƙasa, babu wanda ya tashi ya kama Malam ya sauko daga mota sai Garba, shi ma bai haɗa ido da shi ba. Daga baya matar Garba ta maimaita mini abin da Kawu ya faɗa.

"Ku mayar da sandunanku, babu ruwan mutanen Beji. Wannan sunan na san shi tun ina saurayi. A wurinmu, duk wanda aka rubuta wa shi, to direban jirgi ne ko gadi, masu kwana a tashoshi nesa da iyalinsu. Ciwon yawo ne. Ku rufa masa asiri."

Rufin asiri a zauren da direbobin tasha suka cika! Kafin la'asar har mai sayar da ƙosai ta bakin titi ta ji.

Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na san mijina, na san inda yake kwana da inda yake wuni, amma shaiɗan ba ya hutu. Ranar karɓar sakamako muka koma mu biyu. Likitan ya sa aka rufe ƙofa, ya yi mana bayani da Hausarsa ta 'yan makaranta. Ya ce ciwon gaɓoɓi ne da ke biyo bayan wata cutar daban. Cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki ta taso ta yaƙe ta, cutar ta tafi, amma garkuwar ba ta kwanta ba, sai ta juya ta far wa gwiwa da dundunniya da ido da mafitsara, kamar karen da ya kori ɓarawo ya dawo ya ciji maigida. Ya ce ƙofa biyu ake shiga da shi. Akwai ta hanyar da Kawu yake nufi, akwai kuma ta ciki, ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Ya ce gwajin Malam bai nuna komai na waccan hanyar ba, gudawar da ya yi ita ce mafarin komai. Ba a ɗauka, ba zai shafe ni ba, kuma da maganin kashe zafi da kumburi, da hutu da motsa ƙafa a hankali, yawanci cikin watanni yakan lafa.

Kai! Na fito asibitin nan kamar in yi guɗa. Muna zaune a benci muna jiran tasi na ce wa Malam yau sai na tara unguwa, da Kawu zan fara.

"Me za ki ce musu, Binta?"

"Gaskiya mana. Gudawa ce."

"Gudawar da na samo a ina?"

Nan take na tuna Beji.

"Ke kin ji bayanin likita da kunnenki," ya ce. "Inna ba za ta ji maganar garkuwa ba, Garba ma haka. Abu ɗaya za su ji: asibiti ta tabbatar a Beji ya ci. Sandunan nan ba ƙona su aka yi ba, ajiye su aka yi. In aka fasa kan mutum ɗaya a can, kin san garin nan, ba za ta tsaya a gidaje biyu ba."

"To sunanka fa? Ladan guda, a ce ciwon yawo?"

"Allah ya sani, ke kin sani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki yi mini alkawari."

Na yi kuka a kan bencin nan har wata mai talla ta tsaya tana ba ni haƙuri, ta ɗauka mutuwa aka yi mana. Na ce masa wannan ba haƙuri ba ne, zalunci ne, ni da 'ya'yana me muka yi? Shi dai yana ta murza gwiwarsa. Kafin tasi ta zo na yi masa alkawarin, amma ban yi da daɗin rai ba, kuma na tabbatar ya san haka.

Abin da ya biyo baya ba hayaniya ba ce, da hayaniya ce ma da na fi iyawa. Dattawan masallaci suka zo dubiya, suka yi addu'a, sannan liman ya ce tunda ƙafa ta matsa, Malam ya huta, akwai wani matashi da zai riƙe kiran salla kafin ya warke. Kowa ya san abin da ake nufi da hutun. Ya ce musu ya gode. Ya sa aka kawo masa katako har gida, ya ƙera wa kansa wata 'yar kujera mai madogara, ita yake ja zuwa ƙarshen sahu ya yi salla a zaune. Lasifika tana saitin tagarmu, duk lokacin da sabuwar muryar ta tashi sai in ga leɓensa yana motsi, yana bi a hankali. Wannan ya fi komai ci mini rai. A gidan biki mata suka riƙa yi mini sannu irin ta mai takaba. Wata maƙwabciyarmu da muke aron turmi tun ina amarya ta ware mini kofi na daban a gidanta. Mahaifiyata ta aiko daga Kuta cewa in tattaro yara in taho kafin ya shafa mini. Na aika mata cewa ina nan daram. Amma a cikin gida, wallahi Malam ya sha dangwarar kwano a wannan shekarar. In na kawo masa abinci sai in ce, "Ga shi, waliyyin Allah." Shi kuma ya ce, "Allah ya yi albarka, mai bakin gida," ya wanke hannu abinsa.

Bai zauna haka kawai ba. Ya rage ƙafafun teburin aikinsa ya riƙa yin fiƙa da goge katako a zaune, ya bar rufin ɗaki ya koma ƙofofi da kujerun tsakar gida. Masu gulma da shi da safe su ne masu kawo masa aiki da yamma, don ba a sami wanda ya kai shi iya haɗa ƙofa ba. Ba mu kwana da yunwa ba.

Wata rana Danladi ya zo dubiya, da doya da kwalbar zuma. Ya taɓa zuwa tun farkon ciwon, Inna ta ƙi amsa gaisuwarsa, Garba ya tsare shi a ƙofar zaure ya ce mara lafiya yana barci. Wannan karon kuwa ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ga Inna ta fito da kanta, da tsufanta da komai, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Danladi, ka yafe mini," ta ce. "Na zarge ka a zuciyata."

"Haba Mama, ni ban san komai ba. Uwa ba ya laifi," in ji shi. Hausarsa haka take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Na ɗaga kai na dubi Malam ta ƙofar ɗaki. Yana zaune da ƙafarsa a miƙe a kan matashi, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. A ranar na ga abin da ya saya da sunansa. Ban ce ya yi daidai ba, har yau ban gama yanke hukunci ba, amma daga ranar na daina dangwarar da kwano. Maganar gona ma ta mutu da kanta, don kunya ta sa Garba ya je ya zauna da mutanen, suka raba ta biyu.

Idanun suka washe tun da wuri, kumburin ya riƙa sauka a hankali, har ya ajiye sanda yana tafiya da ɗan ɗingishi. Damina ta zagayo, doya ta nuna, saƙo ya zo daga Beji cewa kwano yana jira. Na ce ba inda za shi. Ya ce zumunci a ƙafa yake, ko ƙafar gurguwa ce. Da na ga ba zan iya da shi ba sai na ce to da ni za a je. Na tafasa ruwa na cika jarka na naɗe ta a zani, na tura ƙarƙashin kujerar mota. Duk hanya ina tunanin yadda zan fito da ita. Ka je gidan mutum da ruwanka, a ranar da ƙwaryar ruwansa ita ce dalilin zuwan, ai ka zage shi ne ba tare da ka buɗe baki ba. Gaba kura, baya sayaki.

Muna shiga gidan na ga rijiyar ta canza. A da bakinta daidai yake da ƙasa, yanzu an ɗaga shi da siminti har ƙugu, an sa murfin ƙarfe da kwaɗo. Saratu ta sauke itacen da ta ɗauko a kafaɗa, ta rungume ni, ta ja ni wajen murhu inda wata babbar tukunya take tafasa, babu komai a cikinta sai ruwa. Ta ce tun bara ba sa shan wanda ba a dafa ba. Ambaliya ce ta kwaso ƙazantar bayan gari ta zuba musu a rijiya, bayan cin doyar nan gidan kaf suka kwanta da gudawa, ƙaramin jikansu da ƙyar ya sha. Jarkata dai a mota ta wuni.

Aka daka sakwara, Malam ya yanka kaza, aka ajiye kwano a gindin mangwaro. Danladi ya wanke hannu, amma bai sa a kwanon ba.

"Sale, sai yaushe za ka gaya mini?"

"Me fa?"

"Rahila ya duba littafinsu." Rahila 'yarsa ce, tana koyon aikin nas a Minna a lokacin. "Ya ji sunan ciwonka da ake yawo da shi a gari, ya ce Baba, wannan ciwo yana zuwa bayan zawo. Na ce wane zawo? Sai na tuna. Kai ka sha ruwana, ka rasa kiran salla, ka bar mutane suna zagin ka, ni ina zuwa gidanka ina shan ruwan randa kamar mutumin kirki."

"Ai mutumin kirkin ne. Ci abinci, tana hucewa."

"Ba zan ci ba sai ka ce in je in faɗa."

"Ban ce ba."

"To ni ma ban tambaye ka ba," in ji Danladi, ya yanko loma.

Bai ɗauki lokaci ba. Wata ranar ana sallar la'asar na leƙa ta labulen zaure na gan shi tsaye a gindin darbejiyar da ke gefen masallaci, ya sa rigarsa ta zuwa coci, hularsa a hannu, shi kaɗai. Ya jira aka sallame, mutane suka fara neman takalmansu, sannan ya matso ya gaishe da liman, ya ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji.

"Ni Danladi ne daga Beji. Ciwon Malam Sale, ruwan rijiyata ne. Ruwan sama ya ɓata shi, ban sani ba. Ni na sha, matata ya sha, jikana ya kusa mutuwa. Likita ya gaya masa tun bara, shi ya ɓoye don kada a taɓa ni. Wannan mutum bai bi matar kowa ba. Wanda yana son ya buge ni, ga ni nan, ban zo da kowa ba."

Idona yana kan Garba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya dubi yayansa da ke fitowa yana jan kujerarsa. Sai Garba ya jefar da takalmin, ya je ya karɓi kujerar daga hannunsa, ya juya ya ce wa Danladi, "Baba Danladi, mu shiga daga ciki, rana ta yi yawa." Liman ya yi ta salati. Ni kuwa na saki labule na zauna a ƙasan zaure. Da Malam ya shigo na ce masa ya shaida, ba ni na karya alkawari ba.

Labari ya kai wa Inna kafin su ƙaraso tsakar gida. Duk muka zuba mata ido. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ai dama na faɗa, a Beji ya samo." Ta ƙara jan wasu 'yan ƙwayoyi. "Ku kuma kun tsaya kuna kallona, ba za ku ba baƙo abinci ba?" Kawu Isa ya zo washegari da ƙullin goro, ya zauna ya yi ta juya hularsa, ya ce su a zamaninsu ta ƙofa ɗaya suka san ciwon. Malam ya ce masa ai shi ya kwance sanduna, lada ma yake da shi. Ni ban ce haka ba. Na karɓi goron dai.

Dattawa suka dawo suka ce ya karɓi kiran sallarsa. Ya ce yaron yana da murya, kuma ba a karɓe abu daga hannun wanda bai yi laifi ba. Sai in matashin ya yi tafiya yake riƙe masa, ranar kuwa unguwa takan sani, tsofaffi su riƙa cewa yau Malam ne. Gwiwar ta warke har ya koma sujada, sai dai in damina ta yi nisa takan tuna masa da kanta, ya jawo kujerarsa na ɗan lokaci. Maganar kuwa ba ta mutu duka ba. Waɗanda suke ƙofar masallaci a ranar sun ji, amma ƙarya ta riga gaskiya fita gari da shekara guda, kuma ba kowane gida gaskiyar ta samu shiga ba. Tsohon da ya yi magana a auren Safiya yana cikin waɗanda ba ta same su a gida ba.

Shekaru da yawa bayan haka, Rahila ta zama babbar nas, ta zo ranar layya karɓar cinyar gidansu. Tana zaune muna soya nama ta ce wa Malam, "Baba, ka san an cire wa ciwonka sunan nan?" Ta ce likitan da aka sa wa ciwon sunansa Bajamushe ne, kuma an tabbatar yana cikin waɗanda suka yi gwaje-gwajen mugunta a kan fursunoni lokacin babban yaƙin duniya, mutane suka mutu. Shi ya sa likitoci suka ga bai cancanci a riƙa ambatonsa ba. Yanzu ana kiran ciwon da abin da yake yi kawai, ciwon gaɓoɓi mai biyo bayan wata cuta. Malam ya ajiye tsinken naman da ke hannunsa, ya yi dariya har da tari.

"Binta, kin ji? Ashe mai sunan ne yake da abin kunya, ni na yi ta ɗaukar masa."

Wannan shi ne ciwon da kakan Safiya ya taɓa yi. Duk wanda ya sake tayar muku da maganar, kada ku sunkuyar da kai, ku ce masa ya zo, ina nan, bakina bai tsufa ba.

Ranar da aka kai Malam makwancinsa, Danladi ya tsaya a bakin maƙabarta da hularsa a hannu har aka gama. Da doya ta nuna a shekarar ya aiko cewa kwano yana jira. Kowannenku yana da uzuri, wannan yana Abuja, wancan bai samu hutu ba. Ban ce muku komai ba, na shiga mota na tafi, na ci da Saratu a ɗaki. Da na fito na tarar da Danladi a gindin mangwaro, ya wanke hannu, kwanon yana gabansa a rufe. Idonsa ya yi rauni yanzu. Ya ji takuna ya ɗago kai ya ce, "Matarmu, su yaran suna hanya?" Na ce masa eh.

Bana ma doya ta kusa nuna, kuma ni ƙafata ba za ta kai ni ba. Na gaya wa tsohon nan kuna hanya. Kada ku mayar da ni maƙaryaciya.